Shuɗin da Ya Fito a Alwala

Shafi na 19

Da sunan Allah Wanda Ya halicci launuka, sa'an nan Ya halicci idon da yake rarrabe su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da iyalan gidansa da sahabbansa.

'Ya'yana masu bin wannan labari, saƙonninku sun iso, har da na wadda ta ce ba za ta ci abincin rana ba sai na ɗora shafin yau. Ci abincinki, 'yata. Roƙona ɗaya ne: masu zagin Yaya a ƙarƙashin shafin jiya su sassauta harshe. Wanda bai taɓa jin an yabi wani a kan aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ba, ya gode wa Allah, jarrabawar ce ba ta iso shi ba tukuna.

*

Kek ɗin yana tsaye a kan faifan juyi, hawa uku, fari tas. Bayan la'asar za a kai shi zauren da za a yi liyafar 'yar Yaya, wadda ta kammala karatun likita.

Shekara ashirin da shida Yaya tana matsa furen kirim da hannunta a kan kek ɗin 'ya'yan mutane, har aka daina kiranta da komai sai Mai Fure. Tun yarinyar tana rarrafe Yaya take cewa ranar da ta yi na 'yarta sai an zo kallo. Ranar ta zo, sai Likita ta ce ita launin sararin sama take so, shuɗi mai saukowa a hankali har ya narke cikin fari, irin wanda Antinta Auta take fesawa da ɗan injin da bai cika wata biyu a gidan ba.

Abin da babu wanda ya gani shi ne abin da Yaya ta yi bayan sallar asuba, sa'ad da Auta ta fita ɗauko ƙwai. Ta rufe ƙofar kicin da tagoginsa, ta kunna injin iskar, ta ɗauki alƙalamin feshin da ta sha cewa ko kyauta ba ta so. Ta ɗiga kalar Auta mai ruwa-ruwa a ɗan kofinsa, ta yi ta fesawa a takardun gwaji har ta ƙarar da su. Abin ya yi kyau, kyawun nan kuwa shi ya fi ƙona mata rai. Sai ta ga shuɗin bai kai nata ba, ta lakato kalarta mai kauri da take kwaɓa kirim da ita, ta tura a kofin. Alƙalami ya toshe. Ta zare fil ɗin mayafinta ta soka a bakinsa, ta ji wani abu ya ce ƙis a ciki. Ta wanke kofi, ta goge tebur, ta cusa takardun can ƙasan kwandon shara, ta dirje hannuwanta da sabulu da lemon tsami har shuɗin ya fita. A ganinta ba ta bar alama ba.

Yanzu hantsi ya wuce. Auta tana kewaye kek ɗin da kwali ta gefe uku saboda ƙurar kala, mahaifiyarsu Inna tana zaune a bakin ƙofa da carbinta.

"Yaya, ɗan matsa min da kwanon nan."

"Kwanon ma ya tsone miki ido? Ya riga injinki zuwa kicin ɗin nan da shekara goma."

"Allah Ya ba ki haƙuri."

Auta ta matsar da shi da kanta, ta ɗaura takunkumi a hanci da baki.

"Iko sai Allah," in ji Yaya. "Ita wadda ta karanta likitancin ba ta sa takunkumi ba, sai mai fentin kek."

"Ai Yaya in ba a sa ba..."

"Ban tambaye ki ba."

Auta ta haɗiye sauran maganar. Ta ɗiga kala sau shida a kofin, shuɗi mai haske, ta miƙa hannu inda take ajiye takardunta. Wayam.

"Ina takardun gwajina? Jiya na bar su a nan."

"Ni ce mai gadin takarda?"

"Ba na son in fara a kan kek ban gwada ba."

"Rana tana yi," in ji Inna. "Ba ke kika wanke alƙalamin jiya da yamma ba?"

"Ni ce, Inna. Lafiya lau na ajiye shi."

"To yi bisimilla."

A nan ne Allah Ya buɗe wa Yaya ƙofa, domin ba a barin bawa ya faɗa rami ba tare da an nuna masa hanyar kaucewa ba. Kalma ɗaya ta isa: dakata. Kalmar ta taso mata har maƙogwaro, leɓɓanta har sun rabu.

Sai wata mata ta leƙo ta tagar da ake karɓar oda.

"Salamu alaikum. Don Allah nan ne gidan Mai Feshi?"

Yaya ta juya a hankali.

"Gidan wa?"

"Mai Feshi. Wadda take kek kamar gajimare. An ce ƙanwar wata mai yin fure ce."

Wata mai yin fure. Yaya ta ji kalmomin sun sauka a ƙirjinta ɗaya bayan ɗaya.

"Tana aiki. Ki dawo gobe."

Ta rufe taga, ta rufe bakinta tare da ita.

Auta ta kunna inji, ya kama gurnaninsa a hankali. Ta ja baya taki guda daga jikin kek ɗin, ta juya faifai da hannun hagu, ta yi bisimilla, ta danna maɓalli ta ja shi baya.

Iska ta fito, kala ba ta fito ba. Ta ƙara ja.

Alƙalamin ya yi tari sau biyu, sa'an nan ya tofar.

Ba hazon nan mai laushi ba ne. Ɗigo ne manya, shuɗi mai duhu kamar tawada, suka watsu a hawa na sama da fuskar na tsakiya, wasu har sun fara gangarowa.

"Innalillahi!"

Carbin Inna ya tsaya. Auta ta kashe inji. Can ta kwance bayan alƙalamin, ta zaro allurar da ke cikinsa, doguwa siririya, ta ɗaga ta wajen haske. Tsininta ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi. Ta shafa jikinta da yatsa biyu, ta murza abin da ya maƙale. Mai kauri ne, yana danƙo.

Ta sauke takunkumin.

"Wannan ba kalata ba ce."

"To ta wa ce?"

"Tawa ruwa ce, Yaya. Wannan ta kwaɓa kirim ce. Wa ya taɓa min inji?"

"Tambayata kike yi ko tuhumata?"

"Mu uku ne a gidan nan da safe. Inna kuwa ko kunna shi ba ta iya ba."

"Ahaf! Dama na san a kaina za a sauke. Abinki ya yi miki tsiya a gaban mutane, sai ki nemi wuyan da za ki rataya wa. Sau nawa na faɗa muku? Abin da ba hannu ne ya yi shi ba, ba shi da amana. Wata biyu kacal, an zama gwanaye, har da suna. Mai Feshi! Ni na koya miki fasa ƙwai, yarinya."

"Ban taɓa musun haka ba."

"Ki musa mana! Me ya rage?"

Ana cikin haka Likita ta shigo da sallama, rigar liyafarta a rataye a hannu cikin leda. Sallamar ta mutu a bakinta.

"Anti... me ya same shi?"

"Injin Antinki ne ya yi atishawa," in ji Yaya. Muryarta ta yi taushi nan take, irin taushin da uwa kaɗai ta iya. "Kada ki damu, 'yata, uwarki tana raye. Miƙo min jakar matsa kirim da bakin fure mai lamba huɗu. Kafin la'asar zan rufe tabon nan da fure sittin, babu wanda zai san an yi."

"A'a, Umma."

"Me kika ce?"

"Kada ki yi furen. Don Allah."

Yaya ta sauke hannun da ta miƙa.

"Maimaita, ban ji ba."

"Umma, fure sittin fa. Ki bari Anti ta san yadda za ta gyara."

"Ko a ɓace ma, nata ya fi miki nawa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To yaya kike nufi? Da furen nan kika yi girma. Da shi aka ɗinka miki rigar makaranta ta farko. Yau da kika zama likita shi ne ya zama abin kunya, ko? Tsohon yayi. Kada ƙawaye su gani su ce uwarta ba ta waye ba."

"Umma, wallahi..."

"Je ki wurin uwar taki ta zamani. Ga ta nan."

Auta ta sunkuyar da kai. Likita ta cije leɓe, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta janye maganarta ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Yaya ciwo.

Inna ta yi gyaran murya.

"Babba."

"Na'am, Inna."

"Kin taɓa injin nan ko ba ki taɓa ba?"

"Haba Inna. Ni da ko kallonsa ba na son yi?"

Ku lura, 'ya'yana, ba ta ce a'a ba. Ta bi ta gefen ƙarya ne tana tattare zani, tana zaton in ba ta taka ba ba za ta ɓaci ba. Inna ta dube ta, duba mai tsawo.

Daidai nan aka kira sallar azahar.

"Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa," in ji Inna. "Wanda Ya kira ya fi kek. Babba, zo ki zuba min ruwa."

*

Wurin alwalar yana bayan kicin, an shimfiɗe shi da farin tayil, da 'yar kujerar da Inna take zama saboda gwiwoyinta. Yaya ta zuba mata ruwa har ta idar, sa'an nan ta tsuguna ta fara tata. Rabonta da alwala tun asuba.

Ta wanke hannuwa sau uku. Fes suke, ta ma ɗan juya su yadda Inna za ta gani. Ta kurkure baki. Ta ɗebi ruwa a tafi, ta shaƙa, ta face.

Ruwan da ya sauka a kan farin tayil shuɗi ne.

Yaya ta ƙura masa ido. Ta yi sauri ta kwara ruwan buta a kai, ta sake shaƙa, ta sake facewa. Na biyun ya fi na farko shuɗi, yana bin layin tayil a hankali yana nufar silifas ɗin Inna.

"Cika na ukun," in ji Inna. "Kada ki rage alwalarki saboda ni."

Ta cika.

Inna ta zaro farin hankici daga gefen zaninta, ta kama haɓar 'yarta mai shekara arba'in da bakwai kamar ta yarinyar goye, ta goge mata ƙasan hanci, ta buɗe hankicin a gabanta.

"Ranar da ƙanwarki ta fara feshin nan, ja ta fesa, ba ta sa takunkumi ba. Da ta zo alwala na ɗauka haɓo take yi, har na ce a kira jikata. Muka yi ta dariya. Ke ba ki sani ba, domin da an kunna injin kike barin kicin. Abin da take son gaya miki ɗazu ke nan, kika ce ba ki tambaye ta ba."

"Inna..."

"Kin wanke hannu, kin wanke tebur. Abin da kika shaƙa ne ba ki wanke ba."

Yaya ta zauna daɓas a kan tayil ɗin mai jiƙe.

"Wallahi ban yi nufin ɓata shi ba. Gwadawa kawai na yi. So nake in ga mene ne a cikinsa da har 'yata za ta zaɓe shi ta bar ni."

"Na yarda ba ki yi nufin lanƙwasa allura ba. Amma sa'ad da ƙanwarki ta ɗaga shi a kan kek, kin sani ko ba ki sani ba?"

Yaya ta kawar da kai.

"Da ke nake."

"Na sani."

"To wannan shi ne laifin. Na safe kuskure ne, na hantsi zaɓi ne. Ni na haife ku ku biyu, ban taɓa jin an rage miki komai ranar da aka ba ta nata ba. Wanda Ya ba ki fure Shi Ya ba ta feshi. In kina jin haushin rabon, ki san da Wa kike jayayya."

"Astagfirullah."

"Kin nemi gafararSa, saura haƙƙin wadda kika tsaya kina kallo kika kuma ɗora mata laifi. Wannan ba a goge shi da carbi." Ta danƙa mata hankicin a tafi, ta rufe mata yatsu a kai. "Ki je ki faɗa da bakinki kafin ki ɗaga hannu ki yi kabbara. In kika bari ni na faɗa, kin yi asara biyu."

*

Yaya ta nufi kicin. Ƙofar a sakaye take. Ta ɗaga hannu za ta tura, sai ta ji muryar 'yarta ƙasa-ƙasa.

"Anti, kin san ita ce, ko?"

"Tun da na murza kalar. Shuɗin nan mai duhu ita kaɗai take haɗa shi."

"To me ya sa kika yi shiru tana ta faɗa miki magana?"

"Yayata ce. Kuma ki gode wa Allah, ai ta taɓa shi. Wata biyu muna jiran ranar da za ta taɓa shi."

Yaya ta sauke hannunta.

"Ni na gaji da ɓoyon nan," in ji Likita. "Kin ga babban yatsanta ɗazu? Ya ƙara kumbura. Kofin shayi ma da hannu biyu take ɗauka. Tana tsoma hannun a ruwan ɗumi a banɗaki, tana zaton ban gani ba. Gaɓar ce take cinyewa, Anti. In ta matsa fure sittin yau, sai ta yi mako ba ta riƙe cokali ba."

"Na sani. Furenta na watan jiya ma ni na bi bayanta na gyara guda tara."

"Shi ya sa na sayo injin. Ba ya son ƙarfi, dannawa ce kawai. Amma da na ce nata ne, kin san abin da za ta ce."

"Za ta ce kin mayar da ita musaka."

"Shi ne na ce ki fara koya, in ta ga yana kyau za ta karɓa a hannunki. Ban san zai zama haka ba."

Ƙofar ta bugu da bango.

"Zai zama yaya?"

Suka miƙe a tare.

"Umma..."

"Guda tara." Yaya ta dubi Auta. "Kin bi bayana kin gyara min fure guda tara. Ke."

"Yaya, ba don..."

"Kuma ke." Ta juya ga 'yarta. "Ciwon a hannuna yake, amma ba ki zo wurina ba. Kika ɗauki sirrina kika kai wa ƙanwata, kuka zauna a kaina kuna shawara kamar an kwantar da ni a gadon asibiti. Wata biyu! Ina cin wuta a raina, ku kuna tausayina a bayan ƙofa."

"Umma, sau uku na ce ki nuna min hannun, kika ce in bari sai na fara aiki in duba na wasu."

"Ni na ɗauki cikinki ko ita?"

"Ke ce."

"To me ya sa komai sai Anti? Sakamakon jarrabawa, Anti ta riga ni ji. Rigar liyafa, Anti ta zaɓa. Yanzu har ciwona Anti ta riga ni sanin sunansa!"

"Domin Anti tana saurara, Umma."

Maganar ta fita kafin Likita ta kama ta. Ta rufe bakinta da hannu.

Inna ta iso bakin ƙofa tana dafa bango.

"Babba, ba wannan na aiko ki ba. Me ke hannunki?"

Yaya ta dubi hannunta. Ta manta da hankicin. Ta buɗe yatsunta da ƙyar, shuɗin ya bayyana a kan farin ƙyalle.

"Ni ce," ta ce, muryarta a dushe. "Ni na sa kalata a ciki. Ni na soka fil. Kuma ina kallo kika ɗaga shi ban hana ki ba."

"Na yafe na allurar," in ji Auta. "Akwai wata a akwatinsa."

Ta ɗauko sabuwar allura, ta wanke alƙalamin da ruwan ɗumi har ruwan ya fito fari, ta zura ta a hankali, ta ɗaure. Ta yage gefen kwali ta gwada. Hazo ya fito, laushi kamar numfashi. Ta ajiye alƙalamin a kan tebur, kusa da jakar matsa kirim.

Sa'an nan ta kwance rigar aikinta, ta ninke.

"Na shirun ne ban san yadda zan yi da shi ba tukuna, Yaya. Wata biyu ina shan baƙar magana a kan abin da ba nawa ba. An ce Mai Feshi, kin ɗauka daɗi nake ji? Tabon nan ba ya gogewa. Sai dai a dangwale mai gangarowa, a sauko da shuɗi mai duhu daga sama ya haɗiye shi, a yi ta sassautawa har ƙasa. Zai yi kyau, ya ma fi na farko. Amma wallahi hannuna ba zai ƙara hawa kek ɗin nan ba."

"Anti!"

"Na rantse, 'yata. Kek ɗinki na uwarki ne, dama can nata ne."

Ta ɗauki mayafinta ta nufi ƙofa.

Yaya ta dubi tebur. Abu biyu ne a gabanta. Ta ɗaga kai, ta miƙa hannu ta wuce alƙalamin, ta ɗauki jakar kirim.

"Shekara ashirin da shida ban nemi taimakon inji ba."

"Umma, don Allah..."

"Matsa."

Ta murɗe bakin jakar yadda ta saba, ta kai ta jikin tabo mafi girma, ta matsa. Ganye na farko ya fito. Na biyu ya fito a karkace. A na uku babban yatsan ya ƙage, zafi ya harba mata har kafaɗa, ta yi ƙara ba da sonta ba. Jakar ta suɓuce ta faɗi ƙasa, kirim ya fantsama a kan ƙafarta.

Babu wanda ya ce ai an faɗa miki, kuma da sun faɗa da ya fi mata sauƙi.

Ta daɗe tana kallon jakar a ƙasa. Sa'an nan ta kai hannu biyu ta ɗauki alƙalamin feshin, ta riƙe shi kamar mai riƙe abin da zai iya cizo.

Auta ta riga ta kama mariƙin ƙofar waje, ta ba su baya.

"Auta."

Ba ta juyo ba.

"Ƙanwata." Tun suna yara rabon da ta kira ta haka. "Taki nawa ake ja da baya?"

Hannun Auta ya tsaya a kan mariƙin. Ba ta buɗe ba, ba ta kuma saki ba.

A waje mota ta tsaya, aka yi ham sau biyu, wata murya ta ɗaga daga bakin ƙofa:

"Salamu alaikum! An matso da lokacin liyafa, an ce in zo in ɗauki kek yanzu!"